Layar Bature Ce Ko Sababi? Magana A Kan Batirin Zuciya Da Komawa Wurin Likita

  

Ya kai ɗan'uwana matashi, Allah Ya yi maka albarka, ka ba ni hankalinka kaɗan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata tambaya ce da wani yaro daga cikin ɗalibai ya yi mini bayan karatun Magariba. Ya tsaya sai da kowa ya watse sannan ya matso. Ya ce shekara biyu ke nan da aka sa wa mahaifinsa abin nan da mutane suke kira batirin zuciya. Ran nan kawunsa ya zo gidan, ya tarar da shi yana yi wa matar wansa nasiha a kan wata laya da aka ɗaura wa jaririnta a wuya. Sai kawu ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, ku da kuke bi gida-gida kuna tsinke wa mutane layu, ga tsohonka can an ɗinke masa layar Bature a cikin ƙirji. Tamu ta fata ce, tasa ta ƙarfe. Faɗa mini bambancin in ji." Yaro ya ce, "Wallahi Malam bakina ya mutu, na rasa abin cewa."

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya hana yaron barci shi ne, tsohon ya ji maganar daga cikin ɗaki, ta kuwa shige shi. Tun daga ranar ya ƙi komawa asibiti. Ranar da likita ya rubuta masa ta zo ta wuce, ta biyu ma ta wuce. In an yi masa magana sai ya ce, "Aiki an riga an yi, wanda ya saura na Allah ne. In kwana ya ƙare likita bai isa ya ƙara mini numfashi ɗaya ba. Ni na yi tawakkali."

To ka ji magana mai daɗin ji. Rabinta gaskiya ce tsantsa, shi ya sa ma take da haɗari, don ƙarya zalla ba ta yaudarar mai sallah. Kuma in ka duba da kyau za ka ga kawu da tsoho rami ɗaya suka faɗa. Kawu ya ce abin laya ne, da baki. Tsoho kuwa ya mayar da shi laya, a aikace.

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi. Saboda haka mu fara sanin abin. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ta gefen babban yatsa. Wannan motsi da kake ji, ga baligi wanda yake zaune yana hutawa, yakan yi sau 60 zuwa 100 a minti, watau wajen sau dubu ɗari a yini da dare, ba ka umurce shi ba, ba ka kuma iya tsayar da shi. Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanya wata 'yar tsoka a saman zuciya ta ɓangaren dama, tana fitar da wata wutar lantarki mai rauni ƙwarai, wutar ta bi wata siririyar hanya ta sauka ƙasan zuciya, sai zuciyar ta matse ta tura jini. Idan tsufa ko ciwo ya toshe wannan hanya, sai ƙasan zuciya ya riƙa lallaɓawa shi kaɗai, sau 30 ko 40 a minti. Jini ba ya isa kai yadda ya kamata. Sai ka ga dattijo yana jiri, yana kasala, yana cikin sahu sai ya yanke jiki ya faɗi. A gidajenmu nan da nan a ce iska ce, ko an yi masa jifa, a tafi neman hayaƙi. Da wani ya kama wuyan hannunsa ya ƙirga na minti ɗaya, da ya san inda ya kamata a nufa.

Shi batirin, ɗan akwati ne na ƙarfe bai fi kwalin ashana ba. Ana sa shi a ƙarƙashin fata a saman ƙirji, ƙasa da kafaɗa kaɗan, galibi ta hagu. Daga jikinsa waya ɗaya ko biyu ko uku suke bi ta cikin jijiyar jini har su shiga zuciya. Aikinsa sauraro ne. Muddin zuciya tana bugawa da kanta a kan lokaci, yana yin shiru. In ta makara, sai ya ɗan tsikare ta da wuta ta abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, sai ta amsa. Ba ya tura jini, ba ya halittar bugu. Kamar ladani yake: ya yi kira, amma ba shi yake yi maka sallar ba.

To yanzu mu je ga hujja, don mu ba ma addini da "a ganina".

Imamu Ahmad ya rawaito daga Uƙbatu bin Amir cewa wasu mutane goma sun zo yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mubaya'a. Ya karɓi ta tara, ya janye hannunsa daga ɗaya. Da aka tambayi dalili sai ya bayyana cewa mutumin yana ɗauke da laya. Sai da ya sa hannu ya tsinke ta sannan aka karɓi mubaya'arsa, aka kuma sanar da mutane cewa rataya irin wannan abu shirka ne. Ka riƙe wannan a hannun dama. A hannun hagu kuma ka riƙe abin da Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka rawaito game da sahabi Arfajatu bin As'ad. An yanke masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ranar da ake kira Kulab. Sai ya sa aka ƙera masa hancin azurfa. Azurfar ta yi wari a fuskarsa. Manzon Allah ya umurce shi da ya sa a yi masa na zinariya, alhali kuwa zinariya haramun ce ga maza. Subhanallah! Annabi ɗaya, al'umma ɗaya. Wani an ce ya tsinke abin da ke jikinsa, wani an ce ya ƙero wanda ya fi na da tsada ya manna a fuskarsa. Ashe ke nan bambancin ba a fata da ƙarfe yake ba, ba kuma a Bature da baƙi yake ba.

Ga inda yake. Sababin da shari'a ta yarda da shi iri biyu ne. Akwai wanda nassi ya tabbatar, kamar addu'a, da ruƙya da ayoyin Alƙur'ani, da zuma. Akwai kuma wanda gwaji ya tabbatar a bayyane, kowa yana iya gani, kowa yana iya aunawa, kamar wuta tana dafa abinci, ruwa yana kashe ƙishirwa, ɗori yana haɗa karaya. Duk abin da mutum ya rataya yana fatan amfani daga gare shi, ba nassi, ba gwaji, to ya mayar da abin da Allah bai sanya shi sababi ba sababi, wannan ita ce ƙaramar shirka. In kuwa ya ƙudurce abin ne da kansa yake amfanarwa, ya faɗa babba, Allah Ya tsare mu. Na san magabata sun yi saɓani a kan layar da babu komai a cikinta sai Alƙur'ani, wasu sun yi rangwame, wasu sun hana, kuma hanin shi ne abin da muke kai, don toshe ƙofa. Amma nawa ne a cikin layun da ke wuyan 'ya'yanmu aka taɓa buɗewa aka ga abin da ke ciki?

Nan ne fa amsar kawu take. Ita laya, da an ɗinke ta shi ke nan. Sharaɗin farko da mai bayar da ita yake gindaya maka shi ne kada ka buɗe, in ka buɗe ta karye. Ba ta da ranar dubawa. Ba wanda zai ce maka ƙarfinta ya ragu kashi kaza, ka zo a sake. In yaro ya rayu a ce laya ta yi aiki, in ya mutu a ce kwana ne ya ƙare. Ba a taɓa kama ta da laifi ba tun da aka fara ɗinka ta, don an gina ta a kan kada a bincika. Shi kuwa batirin zuciya an ƙera shi ne don a riƙa bincikarsa. Yana rubuta duk abin da ya yi, da wanda ya kasa, yana tona asirin kansa a gaban likita. Abin da yake yarda a auna shi, a kama shi da kuskure, a gyara shi, ranar da ya gaza a cire a sa wani, kamar yadda aka cire azurfar Arfajatu, wannan sababi ne. Komawar da ake yi wurin likita ita ce shaidar cewa ba laya ba ne. Wanda ya bar komawa, ya ce an sa shi ke nan, shi ne ya ɗinke abin da fata ya rataya.

Bari in gaya maka abin da ake yi a wannan komawa, don kada ka ɗauka neman kuɗi ne kawai na 'yan asibiti. Ba a fiɗa, ba a allura. Mutum yana kwance ko yana zaune, a ɗora wani ɗan faifai a kan wurin, faifan ya yi magana da abin da ke ciki, komai ya fito a allon kwamfuta. Abu na farko da ake nema shi ne mafi ƙarancin wutar da in aka aika zuciya za ta amsa. Likita yana rage wutar a hankali har ya ga inda zuciya ta daina amsawa, sannan ya saita abin ya riƙa ba da wajen ninki biyu na wannan, don a samu rata. Wannan awo ba ya zama wuri ɗaya. A makonnin farko, inda bakin wayar ya kama tsokar zuciya yakan ɗan kumbura, don haka ake barin wutar da ƙarfi. Bayan kamar wata uku, wuri ya kwanta, sai a rage ta don batir ya daɗe. Wanda bai koma ba, batirinsa yana ƙonewa a banza kamar fitilar da aka bari a kunne da rana tsaka. Wani kuma akasin haka ne: shekaru sun ja, ko an sauya masa magani, ko gishirin jininsa ya rikice saboda ciwon ƙoda, wutar da take isa jiya yau ba ta isa. Na'urorin yanzu da yawa suna yin wani ɓangare na wannan awo da kansu kullum, amma sai an karanta abin da suka rubuta sannan yake amfani.

Ana duba wayoyin, don waya a cikin jiki tana lanƙwasa da kowane bugu, shekara da shekaru, tana iya tsagewa ko ta goce daga inda aka kafa ta. Ana duba jin abin: in kunnensa ya yi kaifi da yawa sai ya ɗauki motsin tsokar ƙirji a matsayin bugun zuciya ya yi shiru lokacin da ake bukatarsa, in ya dakushe sai ya yi ta tsikara inda ba a neme shi ba. Ana daidaita saurinsa da rayuwar mai shi, don manomi mai tafiyar ƙasa zuwa gona ba daidai yake da mai zaman shago ba. Ana karanta tarihin zuciyar na watannin da suka wuce, sau da yawa a nan ake gano wani irin hargitsin bugu wanda mai shi bai ma ji ba, wanda yake sa jini ya daskare ya tafi kai ya kawo shanyewar ɓarin jiki, sai a fara ba shi maganin tsinka jini tun kafin ta faru. Sannan ana duba ragowar batir. Yawancinsu suna yin shekara 6 zuwa 12, wani ya wuce, gwargwadon aikin da yake yi. Kuma ba ya mutuwa farat ɗaya: yana nuna alamar lokacin sauyi ya yi tun da sauran kamar wata uku. Amma alamar a allon likita take fitowa, ba a goshin mai shi ba. Akwai waɗanda zuciyarsu ba ta da sauran bugu na kanta da zai riƙe su. Irin wannan, in batir ya ƙare yana ƙauye bai sani ba, ka san sauran labarin. Shi ya sa ake cewa a dawo duk wata shida ko shekara, mai irin na'urar nan kuwa da take fizgar zuciya da wuta mai ƙarfi in ta rikice, wadda aka fara sawa a Amurka a 1980, ya fi haka yawan zuwa.

Su da suka ƙera abin ma ba su taɓa da'awar ya gama kyau ba. Mutum na farko da aka sa wa irinsa a cikin jiki sunansa Arne Larsson, a ƙasar Suwidin, a watan Oktoba na 1958. Na farkon 'yan awoyi ya yi ya tsaya, aka sa na biyu, shi ma bai daɗe ba. Mutumin nan ya yi ta komawa, aka sauya masa fiye da sau ashirin, bai mutu ba sai a 2001 yana da shekara 86, kuma ba zuciyar ce ta kashe shi ba, ciwon daji ne. Injiniyan da ya ƙera abin, Rune Elmqvist, ya riga shi mutuwa a 1996. Likitan da ya yi aikin, Senning, ya riga shi a 2000. Ka ga hikimar Ubangiji? Mai ciwo ya binne masu magani. A 2017 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da sanarwa cewa wajen batiran zuciya 465,000 suna da wata ɓaraka da wani mugu zai iya bi ta iska ya taɓa saitinsu, aka ce masu su su je asibiti a sabunta musu tsarin. Aikin 'yan mintoci ne. Amma wanda ba a san inda yake ba, wa zai kira shi?

To saura maganar tsoho: kwana in ya ƙare likita ba ya ƙarawa. Wallahi gaskiya ne, wanda ya yi shakka a kan wannan ya sake duba imaninsa. Amma tsoho yana cin tuwo. Yana rufe ƙofa da dare. In ya ga mota ta taho yana kaucewa. Me ya sa tawakkalin bai tashi ba sai a ranar asibiti? Mutumin da ya tambayi Manzon Allah ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, an ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara, kamar yadda Tirmizi ya kawo. Kuma duk wanda ya taɓa kiwo ya san ɗauri ba na rana ɗaya ba ne. Igiya tana cinyewa, turke yana girgiɗa, kullum sai ka leƙa. Da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a gaba, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kai su da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai kai. Shin tsohonmu ya fi Umar tawakkali ne?

Wanda ma ya fi kusa da mas'alarmu shi ne Sa'adu bin Mu'azu. An harbe shi a jijiyar hannu ranar Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira. Muslim ya rawaito cewa Manzon Allah da hannunsa mai albarka ya ƙona bakin jijiyar don jini ya tsaya. Wurin ya kumbura, ya sake yi karo na biyu. Buhari kuma ya kawo cewa an kafa masa tanti a cikin masallaci don Annabi ya riƙa duba shi daga kusa. Ka ji fa. Wanda addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa, bai ce an yi sau ɗaya ya isa ba. Ya duba, ya sake, ya matso da majinyaci kusa da idonsa. Bayan duk wannan kuma ciwon ya fashe, Sa'adu ya rasu. Ba wanda ya ce ƙonawar ta zama banza, ba wanda ya ce da an bari. An yi abin da aka ɗora wa bawa, Allah Ya yi abin da Ya so.

Kada kuma ka tsallake wannan rami ka faɗa na gaba. Akwai ɗan boko da zai ce maka, "Ai batirin nan shi yake riƙe da ran Baba." Ka gyara masa harshe da sauri. Likitoci da kansu sun sani, ranar da ajali ya zo, abin yana ci gaba da aika wutarsa a kan lokaci, sau sittin a minti, batir cike, waya lafiya, amma tsoka ba ta amsawa. Mai sallama yana ƙofa, mai gida ya tafi. Hannu ya riƙe sababi, zuciya ta riƙe Allah. Kuma, tun da magana ta kawo mu, maganar nan da mutane suke yi wai Allah Ya ce tashi in taimake ka, ba aya ba ce, ba hadisi ba ce, kada ka jingina wa Allah ita ko da kana neman rinjaye a kan tsoho.

Yanzu gare ka. Mu matasan sunna an san mu da kaifin harshe, kuma wani lokaci mun cancanci zargin. Mun iya tsinke laya, mun iya kawo hadisi da lambarsa, amma nawa ne a cikinmu suka san ranar asibitin iyayensu? Tsoho ba da hujja kawai ake juya shi ba. Sau da yawa tawakkalin da yake faɗa mayafi ne: yana jin nauyin kuɗin mota da yake ɗora muku, ko yana tsoron abin da za a gaya masa, ko ya gaji da zaman layi tun asuba. Kada ka tsaya a kansa kana karanto masa nassi kamar kana bisa mumbari. Ka durƙusa ka ce, "Baba, na riga na sami mota, jibi in Allah Ya kai mu ni zan raka ka." In akwai aminin da yake jin maganarsa, ka bi ta wurinsa. Ɗaga masa murya a kan wannan zunubi ne ko da kai ke da gaskiya.

Ka nemi katin da aka ba shi ranar aiki, ka ɗauki hotonsa a wayarka. A jikinsa akwai sunan kamfanin da ya ƙera abin, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, don kowane kamfani da kwamfutarsa. Ta Medtronic ba ta saita na Biotronik. Mutanenmu da yawa suna zuwa Indiya ko Masar a yi musu aiki, a dawo ana ta barka, sai ranar dubawa a tarar babu mai irin kwamfutar a kusa. Tambayar farko kafin a sayar da gona a hau jirgi ita ce: in mun dawo, wa zai riƙa duba shi, a wane gari? Akwai tsarin da ɗan akwati a gefen gado, ko wayar hannu, yake aika wa likita rahoto mutum yana gida, amma ba ko'ina ake samunsa a wurinmu ba, kuma shi ma bai ɗauke zuwa gaba ɗaya ba.

Ka lura da aljihun kaftani. Teloli a ƙirjin hagu suke sa shi, daidai kan abin, nan kuwa dattawa suke jefa waya. A nisanta ta da kamar santimita 15, a amsa kira da ɗaya kunnen. Mayen ƙarfe kada ya kusanci wurin. In tsoho mai walda ne, ko makanike mai kifa ƙirji a kan inji yana aiki, ya gaya wa likita sana'arsa. A ƙofar masallacin Juma'a ko filin jirgi inda ake shafa mutane da sandar bincike, ya nuna kati, kada a tsayar da sandar a kan wurin. In wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko ya fara tsattsafo da ruwa, kada wanzami ya taɓa shi, ba sakiya, ba shafe-shafe. Ƙaho sunna ne, amma ba a kan nan ba. Ƙwayar cuta in ta shiga, wayar take bi har cikin zuciya. Jiri in ya dawo, ko suma, ko shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, ba a jiran ranar da aka rubuta.

Kada ka ce wannan duk na tsofaffi ne. Abokinka da ya faɗi a babur aka sa masa ƙarfe a cinya, ya ji sauƙi ya ƙi komawa hoto, shi ma yana cikin wannan magana. Haka matashin da aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe, wanda zai sha maganin tsinka jini iya rayuwarsa, ana auna jininsa a kai a kai, don in maganin ya yi kaɗan jini ya daskare a kan ƙarfen, in ya yi yawa ya ɓalle.

Akwai kuma wanda ba ƙi ya yi ba, babu ce. Garinsa da babban asibitin koyarwa tafiyar yini ce, kuɗin mota na mutum biyu ya fi ƙarfinsa, balle ranar da za a ce a sauya batir. Wannan ba mu da bakin yi masa wa'azi sai mun sa hannu a aljihu. Kwamitocin masallatanmu suna tara kuɗin lasifika ta huɗu alhali ta ukun tana aiki, ga mutum a sahun farko batirinsa saura wata biyu, ba wanda ya sani don ba wanda ya tambaya. Ku matasa ne kuka san gida-gida. Ku rubuta sunayen irin waɗannan a unguwarku da ranakunsu, a asirce, ba don a karanta a bainar jama'a ba, ku kai wa masu zakka.

Yaron ya yi mini tambaya ta ƙarshe yana kallon ƙasa, ya ce in ta Allah ta kasance, sai an cire abin kafin a yi wanka? A'a. Waɗanda suke ƙona gawa su ne suke cirewa, don batirin yana fashewa a wuta. Mu binnewa muke yi, kuma ba a tsaga jikin musulmi ba tare da larura ba. A yi masa wanka yadda ake yi wa kowa, a yi masa sallah, a kai shi makwancinsa da abinsa. Na ce masa amma ba a nan muke ba tukuna, ya je ya nemo katin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.